Ku Tambaya Mu Amsa: Idan Amurka Ta Raba wa Manoma Kuɗin Agaji, Aljihun Wa Suke Shiga?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri ga dukkan ma'aikatan wannan mujalla. Ni manomin shinkafa ne, kuma ina cikin waɗanda ambaliyar 2022 ta cinye wa gona daidai lokacin da shinkafa ta fara fitar da kai. Sau biyu aka zo aka rubuta sunayenmu, har aka ɗauke mu hoto muna tsaye cikin ruwa iya gwiwa. Da kayan suka iso, abin da na gani da idona shi ne wani mai shagon cajin waya, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, yana ɗaure buhun taki biyu a bayan babur, ni kuwa aka ce mini sunana bai fito ba. Ɗana da ke karatu a jami'a ya ce mini a Amurka ba haka ake yi ba, wai idan manomi ya yi asara gwamnati tana zuba masa kuɗi kai tsaye cikin asusunsa na banki. Shin gaskiya ne? Idan gaskiya ne, ƙaramin manomi irina yana samun rabonsa, ko can ma sai mai uwa a gindin murhu?

Daga wani manomi a Jihar Jigawa.

AMSA

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya mayar maka da alheri, ya kuma kiyaye gaba. Ɗanka ya faɗa maka gaskiya, amma rabinta ya faɗa, kuma domin a ga ɗaya rabin, gara mu ɗauki rabo guda ɗaya da aka yi a can mu bi diddiginsa tun daga farko, maimakon mu yi ta magana a dunƙule.

A shekarar 2018 Shugaba Donald Trump ya ƙara haraji a kan kayan da ake shigarwa Amurka daga ƙasar Sin da wasu ƙasashe, su kuma suka rama. Sin ta san inda zai yi zafi, saboda haka a watan Yuli na wannan shekara ta ɗora harajin kashi 25 cikin ɗari a kan waken suya na Amurka, ta juya ta koma sayen na Barazil. Kafin rigimar, ita ce babbar mai sayen waken manoman Amurka: a 2017 ta sayi na kimanin dala biliyan 12, a 2018 kuwa cinikin ya faɗo zuwa kimanin biliyan 3. Farashi ya karye, rumbuna suka cika, har wasu manoma suka riƙa jibge wake a fili suna rufe shi da leda. Wannan asara ba fari ya jawo ta ba, ba kuma ambaliya ba. Gwamnatinsu ce ta jawo ta da hannunta, kuma mafi yawan mutanen karkarar da ta faɗa wa su ne suka zaɓi shugaban a 2016. Nan da nan aka yi shelar agajin dala biliyan 12, sannan a watan Mayu na 2019 aka ƙara da wani na biliyan 16. Abin da ya shiga hannun manoma kai tsaye a shekarun biyu ya kai kimanin dala biliyan 23.

Kuɗin sun fito ne daga wata tsohuwar hukuma da ake kira CCC, wadda aka kafa tun 1933, kuma doka ta ba ta ikon ranto har dala biliyan 30 daga baitulmali ba tare da ta jira majalisa ta yi sabuwar doka ba. Wannan ne ya sa kuɗin suka fita da wuri. Kyauta ce, ba bashi ba ce, babu wanda aka ce ya biya.

Yadda ake karɓa kuwa, a nan ne ɗanka ya yi gaskiya. Ma'aikatar gona tana da ofisoshi a ƙananan hukumomi, kuma gonar da ke hulɗa da su tana da lambarta, an san girmanta, an san abin da ake shukawa a cikinta domin kowace shekara manomi yana kai rahoto. Saboda haka ranar da aka ce a zo a nema, ba a fara da neman wanda zai rubuta sunaye ba. Manomi zai je ofis ya cike takarda, ya faɗi yawan abin da ya girbe, ya sa hannu, ya ajiye rasiɗinsa domin ana iya zuwa bincike, sai kuɗi su faɗo masa a banki. Mai shagon cajin waya ba shi da ta inda zai shiga wannan layi.

To, amma da wane mudu aka auna? Tambayarka ta biyu ke nan, kuma nan ne gizo ke saƙa. A 2018 da yawan amfanin da mutum ya girbe aka auna. Suna da wani ma'auni da ke ɗaukar kimanin kilo 27 na waken suya, sai aka ce kowane ɗaya za a biya dala 1 da senti 65, wato kusan dala 6 ke nan a kan buhu mai kilo 100. Masara kuwa senti ɗaya tak aka sa mata a kan ma'aunin, abin da bai wuce senti 4 a buhu ba, har manoman masara suka ɗauke shi tamkar cin fuska. A 2019 aka sauya, aka koma biya bisa girman fili, daga dala 15 zuwa dala 150 a kowace eka, gwargwadon ƙaramar hukumar da gonar take. Ko ta wace hanya aka bi, lissafin ɗaya ne: wanda ya fi gona shi ya fi samu. A yi misali da inda aka sa dala 50 a eka. Mai eka 100 zai tashi da dala 5,000, maƙwabcinsa mai eka 3,000 kuwa ya tashi da dala 150,000, alhali na farkon ne wanda asarar shekara guda za ta iya raba shi da gonarsa, na biyun yana da kadarar da banki zai karɓa jingina ya ba shi rance har kasuwa ta farfaɗo.

Wata ƙungiya mai zaman kanta da ke Washington, mai suna EWG, wadda ta daɗe tana tattara sunayen masu karɓar tallafin gona, ta duba rabon farko ta tarar cewa kashi goma cikin ɗari na masu karɓa sun kwashe fiye da rabin kuɗin. Rabon kashin dankali ke nan, babba a sama, ƙarami a ƙasa, sai dai ba a ɓoye aka yi shi ba, kuma ba a karya doka ba.

Masu tsara shirin sun san haka za ta faru, shi ya sa suka sa iyaka. A 2018 an ce kada mutum ɗaya ya wuce dala 125,000 a kan amfanin gona, a 2019 aka ninka zuwa 250,000. An kuma ce wanda kuɗin shigarsa ya haura dala 900,000 a shekara ba ya ciki, ko da yake daga baya an sassauta wa wanda kashi uku cikin huɗu na samunsa daga noma yake. Amma iyakar a kan mutum aka ɗora ta, ba a kan gona ba, kuma ta nan ne lauyoyi suka sami ƙofa. Idan aka yi wa gona rajista a matsayin haɗin gwiwar mutane da yawa, kowane abokin tarayya yana da nasa kason cikakke, muddin an nuna cewa yana da hannu a aikin. Shi kuwa wannan hannu ba lallai ne ya zama na hawa tarakta ba. Sa baki a harkar gudanarwa ma ana lissafa shi, ko da daga birni mutum yake yi ta waya. Dokar gona da aka sa wa hannu a watan Disamba na 2018 ta ƙara faɗaɗa dangin da za a iya sa wa suna, har ta haɗa da 'ya'yan 'yan'uwa da 'ya'yan baffa da na kawu da na gwaggo. Kamfanin dillancin labarai na AP ya gano wasu haɗin gwiwa uku masu adireshi guda a jihar Missouri da suka karɓi kusan dala miliyan 2.8 a rabon farko kaɗai, EWG kuma ta ƙirga dubban masu karɓa da adireshinsu ke cikin manyan birane. Sanata Chuck Grassley na jihar Iowa, wanda shi kansa manomi ne kuma ɗan jam'iyyar shugaban, ya shafe shekaru yana neman a toshe wannan ƙofa, ba a toshe ba.

Ka ga ashe su ma suna da nasu mai shagon cajin wayar, sai dai nasu yana zuwa da lauya da takardu cikakku.

Bayan girman gona, irin abin da mutum ke nomawa ma ya raba rabo. Kuɗin sun fi karkata ga manyan amfanin da ake fitarwa waje, wato waken suya da masara da alkama da auduga da dawa, sai masu madara da masu kiwon alade. Mai noman kayan lambu a ƙaramin fili yana kai wa kasuwar garinsu, wanda shi ne ya fi kama da kai, bai ga komai ba, in ban da wasu 'ya'yan itatuwa ƙalilan da aka saka a jerin. Jihohin tsakiyar ƙasar irin su Iowa da Illinois, inda waken yake, su suka fi samun jimillar kuɗi a 2019, amma farashin eka mafi tsoka ya tafi jihohin kudu masu auduga, irin su Jojiya da Misisipi da Alabama. 'Yan adawa ba su yi shiru ba, domin ministan gona na lokacin, Sonny Perdue, tsohon gwamnan Jojiya ne. Daga baya ofishin binciken kuɗi na majalisar dokoki ya duba lissafin ya ce an zuzuta asarar wasu amfanin, kuma manoman masara, waɗanda aka ba senti ɗaya a 2018, sun karɓi kimanin dala biliyan 3 fiye da asarar da ma'aikatar kanta ta ƙiyasta musu a 2019. Wanda ya yi kuka da ƙarfi a shekarar farko, ga alama an ji shi a ta biyu.

Akwai kuma wani ɓangare na agajin da aka ware domin gwamnati ta sayi nama da sauran abinci ta raba wa mabukata, da nufin ta ɗaga farashi. Cikin waɗanda suka sami kwangilar naman har da JBS, katafaren kamfanin da 'yan Barazil suka mallaka, a daidai lokacin da Barazil ce ke cin ribar rigimar da Sin. An ma ba Smithfield, wanda wani kamfanin Sin ya mallaka, 'yar ƙaramar kwangila, sai da surutu ya yi yawa aka soke ta.

Mutum biyu ne ba a cika ambatarsu ba idan ana wannan magana, kuma su ne suka fi ba ni tausayi. Na farko shi ne ɗan ƙwadago. Da yawa daga cikin masu tatsar shanu da tsinkar 'ya'yan itace a gonakin Amurka baƙi ne, akasari daga Meziko, kuma tun da ba su da gona, ba su da lamba a ofis, ba su da kaso. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na biyu shi ne mai hayar gona. Kusan kashi 40 cikin ɗari na filayen noman ƙasar haya ake nomawa. Shi mai hayar yana karɓar agajin, amma mai fili ya san an biya, ya kuma san nawa aka biya a eka domin a bayyane yake, don haka idan lokacin sabunta haya ya zo ba zai rage ba, wataƙila ma ya ƙara. Masana tattalin arziki sun daɗe da lura cewa wani kaso na kowane tallafin da aka ɗaura wa fili yana gangarawa ya ƙare a kuɗin haya da tsadar ƙasa, wanda hakan ke ƙara wahalar da matashin da ke son fara noma.

Sai kuma manoma baƙar fata, waɗanda labarinsu ya fi kama da naka. A 1920 sun kusa miliyan ɗaya, kimanin kashi 14 cikin ɗari na manoman ƙasar, yau kuwa ba su kai kashi biyu ba. Cikin dalilan akwai waɗannan ofisoshi na ƙananan hukumomi da na yaba a baya, domin shekara da shekaru farare ne ke riƙe da kwamitocinsu, kuma baƙin manomi yakan kai takardar neman rance a jinkirta ta har lokacin shuka ya wuce, ko a ce ta ɓace. Sun kai gwamnati ƙara, aka sasanta a 1999 a shari'ar da aka fi sani da Pigford, aka sake ware dala biliyan 1.25 a 2010 domin waɗanda ba su shiga ta farko ba. Amma wanda aka hana kakansa rance har gonar ta ƙanƙance ko ta salwanta, idan aka zo rabon da ake aunawa da eka, ba sai an sake nuna masa bambanci ba. Mudun da kansa zai yi aikin. A 2021 majalisa ta yi dokar yafe wa irin waɗannan manoma bashi, wasu manoma farare suka garzaya kotu aka dakatar, a 2022 aka soke ta aka maye gurbinta da wani shiri, sai a tsakiyar 2024 aka biya kimanin mutum 43,000 da aka tabbatar an nuna musu bambanci wajen rance.

Kada kuma a ɗauka abin na shugaba ɗaya ne ko na jam'iyya ɗaya. Da annobar korona ta zo a 2020 an sake buɗe wasu shirye-shiryen, har jimillar abin da gwamnati ta biya manoma kai tsaye a wannan shekara ta kai kimanin dala biliyan 45, fiye da kashi ɗaya cikin uku na ribar noman ƙasar baki ɗaya. A watan Disamba na 2024, a ƙarshen mulkin Joe Biden, an sake amincewa da dala biliyan 10 saboda faɗuwar farashi, ban da kimanin biliyan 21 na bala'o'in yanayi, kuma waccan biliyan 10 ma da eka aka raba ta. Abin da ake kira agajin gaggawa ya kusa zama na kowace shekara.

A ganina, Malam, abin da ya cancanci ka yi sha'awa a tsarinsu ba yawan kuɗin ba ne, domin hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma baitulmalinmu ba irin nasu ba ne. Abu biyu ne: rajistar gonaki da aka yi tun kafin bala'i ya zo, da kuma damar da kowa ke da ita ya ga wanda aka biya. Alkaluman da na kawo maka game da waɗanda suka karɓi kuɗin sun fito ne saboda 'yan jarida da ƙungiyoyi sun yi amfani da dokar 'yancin samun bayanai sun karɓo jerin sunaye da adadi. Mu ma an taɓa gwada na farkon a 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan gona, inda aka yi wa manoma rajista ana aiko musu da saƙo ta waya su je su karɓi buhun taki biyu a rabin farashi. Na biyun kuma Nijeriya tana da dokarsa tun 2011. Wasiƙar da ƙungiyarku ta manoman shinkafa za ta rubuta tana neman jerin sunayen waɗanda aka raba wa kayan 2022 a mazaɓarku, da adadin da kowa ya samu, tana da madogara a doka, kuma ta fi ƙarfi idan da sunan ƙungiya ta fita ba da sunan mutum ɗaya ba.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Mahaifina ya yi noman auduga shekara da shekaru kafin ya daina. Na ji ana cewa tallafin da Amurka ke ba manomanta shi ne ya kashe audugarmu. Ina gaskiyar wannan magana?

Daga wata malamar makaranta a Funtuwa.

AMSA

Malama, barka kadai. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita kaɗai ba ce. Idan gwamnati tana cike wa manomi giɓi duk lokacin da farashi ya faɗi, ba zai rage shuka ba, sai auduga ta yi yawa a kasuwar duniya farashi ya ƙara sauka, kuma wanda ba shi da mai cike masa giɓi shi ke ɗaukar asarar. Saboda haka ne ƙasashen Benin da Burkina Faso da Cadi da Mali suka haɗa kai a 2003 suka kai kukansu taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Cancun ta ƙasar Meziko. Barazil kuwa ƙarar Amurka ta shigar a gaban wannan ƙungiya, ta yi nasara a 2004, aka tabbatar mata bayan ɗaukaka ƙara a 2005. Maimakon Amurka ta janye tallafin nan take, sai daga 2010 ta riƙa biyan Barazil kimanin dala miliyan 147 a shekara, a 2014 ta ba ta miliyan 300 aka rufe maganar. Ƙasashen Afirka huɗun da suka fara kukan ba su sami irin wannan diyya ba.

Sai dai su waɗancan ƙasashe waje suke sayar da kusan duk audugarsu, shi ya sa farashin duniya ke dukansu kai tsaye. Audugar Funtuwa da Gusau da Malumfashi kuwa babbar kasuwarta a gida take, wato masaƙun Kaduna da Kano. An rushe hukumar cinikin auduga a 1986, wadda ita ce ke raba iri tana kuma tsayar da farashi, irin ya gauraye ingancinsa ya ragu, sannan masaƙun suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya saboda rashin wutar lantarki da kwararowar atamfa mai araha ta kan iyaka. Idan kika tambayi mahaifinki shekarar da ya daina, da abin da ya koma shukawa a wannan fili, ina kyautata zaton zai ambaci mai saye da iri da maganin feshi tun kafin ya ambaci Amurka.